Hybris na Änglagård: tambayoyi da amsoshi kan faifan farko na wasu matasan Suwidin

Duk wanda na kunna wa faifan nan, tambayoyin da yake yi mini kusan iri ɗaya ne. Shi ya sa na tattara su wuri guda, da amsar da nake bayarwa.

Su waye Änglagård, kuma yaushe suka fitar da Hybris?

Ƙungiyar makaɗan progressive rock ce ta mutum shida da aka kafa a Stockholm, babban birnin Suwidin, a 1991. Tord Lindman mai jita da rera waƙa, da Johan Högberg mai jitar bes, su suka fara haɗa ta. Sai Thomas Johnson mai piyano da ogan, Jonas Engdegård mai jita ta biyu, Anna Holmgren mai busa sarewa, da Mattias Olsson a kan ganguna, wanda lokacin bai kai shekara 20 ba. A 1992 suka fitar da Hybris ta hannun wani ƙaramin kamfanin faifai na ƙasarsu mai suna Mellotronen. Sunan faifan kalmar Girkanci ce ta dā, ma'anarta girman kan da yake kai mutum ga faɗuwa.

Wane irin kiɗa ne wannan da ake ce wa progressive rock?

Reshe ne na kiɗan rok da ya taso a Ingila a ƙarshen shekarun 1960. Masoyansa prog kawai suke ce masa. Makaɗansa sun ƙi tsayawa a waƙar minti uku mai amshi, suka shiga yin kiɗa mai tsawon minti 10 ko 20, mai sassa daban-daban, suna aro daga kiɗan gargajiyar Turai da jaz. Ƙungiyoyin King Crimson, Genesis da Yes su ne manyan gidan. Bayan 1977 kasuwar ta ja baya, kuma a lokacin da Hybris ya fito, shekara ɗaya bayan ƙungiyar Nirvana ta Amurka ta mamaye duniyar rok, yawancin mutane sun ɗauka an riga an yi jana'izar prog.

Me ke cikin faifan?

Kiɗa huɗu ne kacal, jimillarsu kusan minti 44. Na farko shi ne Jordrök, wato hayaƙin ƙasa, minti 11 ba tare da an buɗe baki ba. Sai Vandringar i vilsenhet, wato yawo cikin ɗimuwa, kusan minti 12. Na uku, Ifrån klarhet till klarhet, shi ne mafi gajarta da minti takwas. Na ƙarshe Kung Bore, minti 13, sunan Sarkin Hunturu ne a tatsuniyoyin mutanen Suwidin.

To ina ainihin kyansa yake?

A ganina yana cikin yadda mutum shidan nan suke sauraron juna. Ciwon da ya daɗe yana damun prog shi ne gwaninta don a gani: mai jita ya fito gaba ya yi ta gudu da yatsu, sauran suna jiransa ya gama. A Hybris da wuya ka ji haka. Wata 'yar gajeriyar murya takan faro a piyano, sarewa ta karɓa, jita ta juya ta, ganga ta kakkarya ta, sai can gaba ta dawo da wata kama, ka gane ta kamar yadda kake gane ɗan'uwa da ya daɗe a tafiya. Kowa yana da aiki a kowane sashe, babu ɗan rakiya.

Ɗauki farkon Jordrök. Piyano ne shi kaɗai, a hankali, da sautin kewa. Kafin ka gama sabawa da shi sai ƙungiyar duka ta faɗo kamar hadarin da ya haɗu ba ka lura ba. Ba ta daɗewa a nan, sai komai ya lafa, a bar sarewa da jitar katako. Wannan hawa da sauka shi ne ƙashin bayan faifan. Shirunsu na gaske ne, har sai ka ƙara murya, ƙararsu kuma takan girgiza ɗaki, kuma ba su taɓa tsayawa a ɗaya har ka gaji ba.

Ganguna sun cancanci magana ta daban. Olsson bai ɗauki aikinsa a matsayin riƙe wa sauran ƙidaya ba. Yana bin muryar kiɗan, yana amsa ta, yana ƙara ƙararrawa da sauran ƙananan kayan bugu inda wani zai bar wurin fayau. Bugun yakan canza sau da yawa cikin minti ɗaya, amma ba ka jin an yi tuntuɓe. Idan ka tuna shekarunsa a lokacin, sai mamakin ya ƙaru. Högberg shi ma bai ɓoye bes ɗinsa a baya ba, tana gaba-gaba da ƙaƙƙarfan amo, wani lokaci ita ce ma take jan ragamar.

Ana yawan ambaton Mellotron idan ana zancen faifan. Mece ce ita?

Na'ura ce mai kama da piyano da aka fara ƙerawa a Birmingham ta Ingila a shekarun 1960. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai zaren kaset da aka naɗi sautin goge, ko sarewa, ko muryoyin taron mawaƙa. Ka danna, zaren ya gudu na kimanin daƙiƙa takwas, daga nan ya ƙare. Saboda zare ne, sautin yana ɗan rawa, yana da wani hazo-hazo da na'urar zamani ba ta bayarwa. A 1992 duniya ta koma kan na'urorin dijital masu tsabtar sauti, su kuwa yaran nan suka nemo Mellotron da ogan Hammond. Rabin sanyin da kake ji a Hybris daga nan yake fitowa.

Ashe ba kwaikwayon 'yan shekarun 1970 suka yi ba?

Sun sha daga rijiyar, ba su kuma ɓoye ba. Kunnen da ya san King Crimson da Genesis zai ji su a ciki. Amma akwai abin da Turawan Ingila ba su da shi, wato launin waƙoƙin gargajiyar ƙauyukan Suwidin, masu sanyi da nauyin zuciya, waɗanda suka fi fitowa a sarewar Holmgren. Ƙasa ce da a watan Disamba hasken rana a Stockholm ba ya wuce kusan awa shida, kuma ni dai ina jin wannan doguwar duhuwar a Kung Bore. Sun kuma fi magabatansu tsauri wajen tsari: ba sa maimaita sashe don cike lokaci.

Ba shi da aibi ko ɗaya?

Yana da shi. Muryar Lindman siririya ce, ba ta kai ƙarfin kiɗan da ke kewaye da ita ba, kuma akwai wuraren da nake ƙosawa ya gama a koma ga makaɗa. Sa'ar ita ce rerawar ba ta da yawa. Na biyu, saurin sauya sassa yana iya rikita wanda ya ji shi karon farko. Wata murya mai daɗi takan zo, kana son ta daɗe, sai su wuce. Sai a saurare na uku ko na huɗu zaren ke bayyana.

Wanda ba ya jin harshen Suwidin zai amfana?

Ƙwarai kuwa. Mu mun saba bambanta kiɗa da waƙa, kuma galibi kunnenmu kalmomin mawaƙi yake bi. Hybris kiɗa ne kafin komai. Shawarata a fara da Jordrök, da abin sauraro a kunne, a lokacin da ba a yin wani aiki.

Me ya same su bayan haka?

Faifan ya kai su bikin Progfest a Los Angeles ta Amurka a 1993, inda masoya prog suka karɓe su hannu bibbiyu. Tare da ƙungiyoyin Anekdoten da Landberk, 'yan ƙasarsu, suka sa aka sake waiwayar wannan kiɗa. A 1994 suka fitar da Epilog, wanda babu rerawa ko kaɗan a cikinsa, suka sake hawa dandalin Progfest, daga nan suka watse. An fitar da naɗin wasan nan a 1996 da sunan Buried Alive. Faifansu na uku na situdiyo, Viljans öga, bai fito ba sai 2012, shekara 18 bayan Epilog, kuma Lindman ba ya cikinsa.