Sandunan Golf na Ƙarfe Masu Rangwame

Sandunan ƙarfe masu rangwame wani nau'i ne na sandunan wasan golf da aka ƙera domin rage wa ɗan wasa asarar da yake yi idan ƙwallo ba ta haɗu da tsakiyar fuskar sanda ba. A tsohuwar ƙira, nauyin kan sanda yana taruwa ne a bayan tsakiyar fuskar, saboda haka idan bugu ya sauka gefe, kan yakan murɗe a hannun mai bugu, ƙwallo ta kauce hanya kuma ta faɗi kafin inda aka nufa.

Dabarar da ta magance wannan ita ce rarake bayan kan sandar a mayar da ƙarfen da aka cire zuwa gefuna, wato wajen dunduniya (gefen da ke haɗe da ƙota) da baki (ɗaya gefen) da ƙasa. Nauyin da aka baza haka yana hana kan saurin juyawa, kamar yadda doguwar sanda mai kaya a bakinta biyu take da wuyar murɗawa. Injiniya Karsten Solheim, haifaffen Norwe da ya kafa kamfanin Ping a Amurka, shi ne ya yayata wannan tsari, kuma samfurinsa mai suna Eye2 na shekarar 1982 ya zama abin koyi ga sauran masana'antu. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne zubi: ana siffanta kan da kaki, a lulluɓe shi da wani ɓawo mai jure zafi, a narkar da kakin ya fita, sannan a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, wanda hakan ke ba da surar da dukan guduma yake da wuyar fitarwa.

Sandunan yanzu suna da faffaɗan ƙasa mai zamewa a kan ciyawa maimakon nutsewa cikin turɓaya, da siririyar fuska mai ɗan lanƙwasawa a lokacin bugu. Ana kuma dasa musu ƙananan gutsattsarin tangistan, ƙarfen da ya ninka na yau da kullum nauyi fiye da sau 2, a can ƙasa domin ƙwallo ta tashi sama cikin sauƙi.

Sai dai nisan da ake tallata su da shi yana buƙatar lura. Ana ba sandunan lamba ne gwargwadon yadda fuskarsu ta karkata baya, kuma raguwar karkatar kan ƙara nisan bugu; sanda mai lamba 7 ta dā tana da karkatar fuska kusan digiri 35, alhali ta zamani mai wannan lamba kan sauko ƙasa da digiri 30, don haka wani ɓangare na ƙarin nisan daga sauyin karkata ya fito. Ƙwallon da aka buga da irin wannan fuska ba ta juyawa sosai a iska, kuma takan gangara bayan sauka maimakon ta tsaya. Wannan ne ya sa ƙwararru da dama suke zaɓen ƙananan kawunan da aka ƙera da dukan guduma, waɗanda ke ba su damar lanƙwasa tafiyar ƙwallo dama ko hagu da gangan.