Sabon SSD da tsohon HDD a kwamfuta ɗaya: ku karanta kafin ku sake tambaya

Tambayoyin nan su ne dai kullum, har na haddace su. Ga amsoshin. SSD da HDD duka disk ne na ajiyar bayanai a kwamfuta: HDD shi ne tsohon mai faifan da ke juyi, SSD kuma sabon mai sauri da babu abin da ke motsi a cikinsa.

Zan iya haɗa su biyun a kwamfuta ɗaya?

Eh. Babu abin da zai ƙone.

A wanne zan sa Windows?

A SSD mana, in ba haka ba me ka saye shi ya yi maka? Windows da manhajojin da kake buɗewa kullum su zauna a SSD, finafinai da hotuna da tarkacen da ka sauke su koma tsohon. HDD mai juyi 7200 a minti da ƙyar yake kai MB 200 a daƙiƙa, SSD na SATA, wato mai jonuwa ta hanya irin ta HDD, yana taɓa 550, na NVMe, wato sabon nau'in da ya fi sauri, ya haura 3000. Kuma shi HDD sai allurarsa ta bi faifai tana laluben ƙananan fayil ɗaya bayan ɗaya, a nan nauyin yake.

Na sa SSD amma kwamfutar tana nan da nauyinta.

Daga tsohon take tashi har yanzu. Shiga BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta kafin Windows ta tashi, ka maido SSD na farko a jerin butin, wato jerin disk ɗin da take tashi da su.

In yi wa SSD difrag, wato tattara gutsattsarin fayil da suka warwatse a disk wuri ɗaya?

A'a! Don Allah ku daina. Tun Windows 7 akwai TRIM, wato hanyar da take sanar da SSD wuraren da aka goge don ya share su, Windows na gane SSD da kanta tana yi masa abin da ya dace. HDD ɗin ne ke buƙatar difrag, shi ma tana yi masa ba sai ka sa baki ba.

To yaushe zan yi wa tsohon fomatin, wato in goge shi gaba ɗaya, in samu fili?

Yauwa, wannan ce tambayar da nake so a tsaya a kanta, don a nan mutane suke kuka. Amsar ita ce ya danganta, kuma kada ka yi garaje.

Abu na farko, lokacin da ka yi instolin ɗin Windows a SSD, tsohon disk yana jone ko ka cire shi? In yana jone to akwai yiwuwar Windows ta ga wani ɗan ƙaramin fatishan na butin a tsohon, wato yankin disk da kwamfuta ke tashi da shi, wanda yawanci bai wuce MB 100 zuwa 500 ba, sai kawai ta ci gaba da amfani da shi ba ta ƙirƙiri sabo a SSD ba. Kai kana ganin komai lafiya lau, C ɗinka yana SSD, kwamfuta tana tashi fit, alhali makullin gidan yana hannun tsohon. Ranar da ka goge shi gaba ɗaya, ka kunna, sai baƙin allo da rubutu cewa babu abin da za ta tashi da shi. Ba kowa hakan ke faruwa da shi ba amma yana faruwa sosai.

Gwajin ba wuya. Kashe kwamfutar, zare kebul ɗin tsohon disk, kunna. In ta tashi ita kaɗai da SSD, madalla. In ba ta tashi ba, mayar da kebul ɗin ka buɗe Disk Management ka duba inda aka rubuta System ko EFI, za ka gan shi a kan tsohon. Ana gyara wannan da umarnin bcdboot bayan an yanka ɗan fatishan a SSD, sai dai in ba ka saba da irin aikin ba gara ka zare tsohon ka sake instolin daga farko, ya fi kwanciyar hankali, ko da yake za ka sake sa manhajojinka.

In kuma kulonin ka yi, wato ka kwafe tsohon ɗungurungum zuwa SSD, wani lokaci Windows takan ga disk biyu da lambar shaida iri ɗaya sai ta kashe ɗaya ta rubuta masa Offline. Bai lalace ba, kada hankalinka ya tashi.

Abu na biyu, ko ta tashi lafiya ni ba zan goge a ranar ba. Bar shi ya yi sati biyu ko uku. Sai a lokacin za ka tuna da abin da ke cikin AppData, folda ce ɓoyayyiya ba ka ganinta, a can burauza ke ajiye alamomin shafukanka, wasu gem ma a can suke ajiye inda ka tsaya. In BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle bayanan disk da shi, na kunne a tsohon, nemo lambar buɗe shi mai lambobi 48 ka adana tun kafin ka taɓa komai. Sannan ranar gogewar ka dubi girman disk ɗin sau biyu kafin ka danna, musamman masu amfani da diskpart, wato manhajar Windows ta sarrafa disk da rubuta umarni, umarninta na clean mai goge disk ba ya tambayarka ko ka tabbata.

Na sa SSD na M.2, wato ɗan siririn da ake sokawa a rami ba da kebul ba, sai tsohon disk ya ɓace.

A wasu madabod, wato babban allon cikin kwamfuta da ake jona komai a kai, ramin M.2 yana raba hanya da ɗaya ko biyu daga cikin ramukan SATA, kana sa wannan wancan ya mutu. Canza kebul ɗin zuwa wani rami.

An ce rubutu da yawa na kashe SSD.

Kwantar da hankalinka malam. Samsung 860 EVO mai GB 500 an ba shi garantin rubutun TB 300, ko kana rubuta GB 40 kullum sai ka shekara 20 kafin ka kai. Abin da zan ce kawai kada ka cika shi maƙil, bar masa kamar kashi 15 cikin 100.

Yaya zan sa abin da na sauke ya riƙa tafiya tsohon?

Danna dama a kan foldar Downloads, Properties, Location, Move. Haka za ka yi wa Documents da Videos. Kada ka ce za ka ɗauke foldar Users baki ɗaya, rigima ce.

Tunda disk biyu gare ni, ai ina da bakof, wato kwafin ajiya ko da ɗaya ya lalace, ko?

Ina! Hotunanka suna wuri ɗaya ne tak, a kan disk ɗin da ya fi tsufa a cikin kwamfutar, wanda ya yi shekaru yana juyi. Sauke manhajar CrystalDiskInfo ka duba lafiyarsa, in ya nuna rawaya ko kana jin yana ƙas-ƙas to kwashe kayanka yau ɗin nan, kuma duk abin da ba za ka iya jure rasa shi ba ka yi masa kwafi na biyu a wani disk da ba ya cikin kwamfutar.