Ƙin tashin kwamfuta mai faifai da manhajoji da yawa

Ƙin tashi matsala ce da ke samun kwamfutar da ke ɗauke da faifan ajiya biyu ko fiye da babbar manhaja fiye da ɗaya, kamar Windows da Linux, inda za a kunna ta ta kasa shiga ko ɗaya, ko ta riƙa shiga ɗaya kawai. Galibi bayanan da ke kan fayafayan suna nan lafiya. Abin da ya lalace shi ne manhajar tayarwa, wato ƙaramar manhajar da ke karɓar aiki daga allon na'ura, wato babban allon da ke cikin kwamfuta wanda sassanta ke haɗe a kai, ta miƙa wa babbar manhaja.

Asali

Tushen matsalar ya girmi yawancin kwamfutocin da ke fama da ita. A 1983, tare da PC DOS 2.0, aka shigo da tsarin MBR, wanda ya keɓe bait 512 na farkon faifai don tayarwa. Bait 446 na umarnin tayarwa ne, 64 na jadawalin ɓangarori huɗu da ake iya raba faifai zuwa gare su, biyun ƙarshe kuma alama ce da BIOS, manhajar cikin allon da ke fara aiki idan an kunna na'ura, ke dubawa kafin ya yarda cewa faifan na iya tayar da na'ura. Kujera ɗaya ce ta manhajar tayarwa a kowane faifai, wanda ya zo ƙarshe shi ke zama. Shi ya sa duk wanda ya sa Windows bayan Linux a wancan zamani yakan tarar Linux ɗinsa ya ɓace daga gani, alhali yana nan a ɓangarensa ba a taɓa shi ba.

Masu Linux sun fara da manhajar tayarwa LILO, wanda Werner Almesberger ya rubuta a wajajen 1992. LILO bai san tsarin fayil ba, wuraren da fayilolin suke a jikin faifai yake haddacewa, don haka ko ɗan canji aka yi sai an sake girka shi. Idan ya maƙale yakan tsaya a tsakiyar rubuta sunansa, ya nuna "LI" kawai, kuma daga yawan haruffan da suka fito masu gyara ke gane matakin da ya tsaya. An daina raya shi a ƙarshen 2015. GRUB, wanda Erich Boleyn ya fara a wajajen 1995 kuma ya shiga aikin GNU a 1999, ya fi shi domin yana karanta tsarin fayil da kansa. An sake rubuta shi daga tushe, GRUB 2.00 ya fito a 2012, ko da yake Ubuntu, wani nau'in Linux, ta riga ta koma kansa tun 2009. Sauyin ya zo da wani ruɗani da ya daɗe yana wahalar da mutane: tsohon GRUB yana ƙirga ɓangarori daga sifiri, sabon daga ɗaya, amma dukansu suna ƙirga fayafayai daga sifiri.

A ɓangaren Microsoft, manhajar tayarwa NTLDR da fayil ɗinsa boot.ini sun yi aiki har zuwa Windows XP. Daga Vista aka koma BOOTMGR da ma'ajiyar saitunansa BCD.

Zuwan UEFI

Intel ta fara aikin EFI, magajin BIOS, a cikin shekarun 1990 don na'urorin Itanium, aka miƙa shi ga ƙungiyar UEFI a 2005. A nan kowace babbar manhaja tana ajiye manhajar tayarwarta a cikin ɓangare na musamman mai tsarin FAT, ana ce masa ESP, jerin zaɓuɓɓukan kuma yana zaune a ƙwaƙwalwar allon na'ura. Tsarin raba faifai na GPT da ya zo da shi a madadin MBR ya kawar da iyakar terabait 2 da ta ɓangarori huɗu. Ci gaba ne na gaske, amma ya haifi nasa matsalolin. Manhaja ɗaya na iya tura kanta saman jerin, kuma sabunta manhajar allon na iya share jerin gaba ɗaya.

Sanadi

Wani sanadi a na'ura mai fayafayai da yawa shi ne manhajar tayarwa ta zauna a wani faifai daban da wanda babbar manhaja take. Mai girka Windows, idan ya ga ESP a wani faifai, yakan zuba fayilolinsa a can ba tare da tambaya ba. Ranar da aka cire wancan faifan, sai Windows ya ƙi tashi. A Linux kuma sunayen fayafayai irin su sda da sdb ba tabbatattu ba ne, suna iya musanyawa idan aka ƙara faifai, shi ya sa ake rubuta lambar UUID, wato lambar shaidar kowane ɓangare, a fstab, fayil ɗin da ke lissafa ɓangarorin da Linux zai haɗa. Akwai kuma girka manhaja ɗaya ta hanyar BIOS, ɗayar ta UEFI, wanda ke hana GRUB tayar da ɗayar. Mutuwar batirin CR2032 na allo ma tana iya mayar da saituna yadda suka fito daga kamfani.

Gyara

Ana farawa da duba jerin tayarwa a saitin allo, domin sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Idan GRUB ne ya lalace, ana tayar da na'urar da filashi mai Linux, a haɗa ɓangaren da abin ya shafa, a gudanar da grub-install a kan faifan da ya dace, sannan a sabunta jerin. Daga GRUB 2.06 na 2021 ba a barin os-prober, manhajar da ke gano sauran manyan manhajoji, a kunne, don haka Windows ba zai bayyana a jerin ba sai an kunna shi. A Windows ana amfani da bcdboot don sake rubuta fayilolin ESP, ko bootrec a tsofaffin na'urori masu MBR. Kuskuren harafi ɗaya a sunan faifai na iya lalata tayarwar faifan da yake lafiya, saboda haka masu gyara da yawa kan cire sauran fayafayan kafin su fara.

Secure Boot

Secure Boot tsari ne na UEFI da ke hana tayar da manhajar da ba ta da amintaccen sa hannu. Ya yaɗu tare da Windows 8 a 2012. Masu goyon baya na cewa yana tare miyagun manhajoji kafin tashi, masu suka na cewa ya bai wa Microsoft iko a kan abin da na'ura za ta tayar. A Agustan 2024 wani sabuntawar Windows ya hana wasu na'urori masu Linux da Windows shiga Linux.