Waiwaye: Hannun da Arzikin Ƙasar Katsina Ke Faɗawa

A ƙarni na 18 Katsina ce babban zangon ayarin da ke ƙetaro Sahara, kafin jihadi ya karkatar da fatauci zuwa Kano bayan 1807. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ma, birnin Katsina bai ga layin dogo ba. Funtuwa ce ta dace: layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta, aka kafa injin gurzar auduga.

Kuɗi kam ya shigo, sai dai wa ya riƙe shi? Daga 1949 har zuwa 1986 hukumomin gwamnati na sayen gyaɗa da auduga ne suka riƙa yanka farashi, ƙasa da na kasuwar duniya. Masu lasisin saye su ci kamasho, rarar ta wuce asusun hukuma, manomi ya koma gida da na haraji da turmin uwargida.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne shirin noma na Funtuwa da aka soma a 1975 da bashin Bankin Duniya. An kawo taki da iri, an yanka hanyoyin karkara, masara ta bazu a kudancin ƙasar Katsina har ta ture dawa a gonaki da yawa. Ba wanda zai ce noma bai ƙaru ba. Amma tarakta da bashi sun fi faɗawa hannun manyan manoma da 'yan kasuwa da masu uwa a gindin murhu. Mai 'yar gayauna, idan shekara ta yi masa gardama, sai jingina, daga nan sai ƙwadago a gonar da jiya tasa ce.

A ganina nan ne gizo ke saƙar. Nairar talaka a garinsu take kwana, wajen tela da maƙeri da mai shayi. Ta attajiri kuwa sai ka tsince ta a Kantin Kwari ko a filin Abuja. Masana'anta ba ta tsayuwa inda jama'a ba su da abin saye, shi ya sa kamfanin mulmula ƙarafa na zamanin Shagari da samun jiha a 1987 ba su sauya lissafin ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa (NBS) na 2019 sun sa kashi 56 cikin ɗari na mutanen jihar a ƙarƙashin layin talauci, Legas kuwa ba ta kai kashi 5 ba.

Ka je kasuwar Ɗandume da kaka. Manomi ya sauke buhu biyar daga amalanke, bashin taki na jiransa, ɗan baranda ya taya, ya sallama ba don ya so ba. Buhun ya shiga sito. Cikin watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, shi ɗin dai ne zai dawo da leda a hannu yana tambayar nawa tiya.