Ƙyanƙyasar Ƙwai da Renon 'Yan Tsaki a Kiwon Kajin Gida

A yawancin gidajen da nake zagayawa wajen aikin malamin gona, kaza takan kwanta a kan ƙwai 12, ta ƙyanƙyashe 8 ko 9, amma kafin wata biyu su cika sai a tarar tsaki biyu ko uku ne kawai ke bin bayanta. Mai kaza yakan ɗora laifin a kan shirwa ko annoba, kuma lallai suna da nasu kaso, sai dai mafi yawan asarar tana faruwa ne a lokuta biyu da ke hannun mai kiwo: kwanakin da ake tara ƙwai kafin kwanci, da makonni shida na farko bayan ƙyanƙyasa. Kwana 21 da ke tsakani aikin kaza ne, kuma kajinmu na gida sun iya shi.

Ba kowane ƙwai ne ke yin tsako ba. Dole sai zakara ya taka kazar, shi ya sa ƙwan da ake sayarwa a kiret daga manyan gidajen gona, inda ba a ajiye zakaru tare da kajin, ko shekara ya yi a gurbi ba zai ƙyanƙyashe ba. Zakara ɗaya lafiyayye ya ishi kaji 8 zuwa 10. Yana da kyau a riƙa musanya shi da na wani gida ko wani gari bayan shekara ɗaya ko biyu, domin idan ya ci gaba da taka 'ya'yansa da jikokinsa, tsakin da ake samu sukan fito raunana.

A kwashe ƙwai kullum, a rubuta ranar da aka saka shi da fensir a jikin ɓawon, a bar guda ɗaya a gurbi don kada kazar ta sauya wuri. A zaɓi masu matsakaicin girma da ɓawo mai ƙwari, a ware masu tsaga ko masu kashi a jiki a kai su tukunya. Kada a wanke ƙwan da za a ba kaza, saboda akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke toshe ƙananan ƙofofinsa, kuma ruwa yana cire shi ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. A ajiye su tsinin yana kallon ƙasa, a wuri mafi sanyi a gidan, kamar gindin randa a kan yashi mai ɗan laima. Bayan kwana 7 ƙarfin ƙyanƙyasar ƙwai yana fara raguwa, kuma a zafin bazara, watau Maris zuwa Mayu, ko kwana 7 ɗin ma ya yi yawa, domin zafin ɗaki kaɗai yakan sa ɗan tayin ya fara girma sannan ya mutu tun kafin kaza ta hau. Wannan ne ya sa baragurbi ke yawa a wannan lokaci na shekara.

Kazar da ta shirya kwanci ba ta ɓuya: tana maƙalewa a gurbi, tana kumbura gashi, tana saran hannun da ya matso. A ba ta iya abin da jikinta zai rufe, ƙwai 10 zuwa 12 ga kazar gida mai matsakaicin jiki, a kuma sa mata su gaba ɗaya a rana guda, gara da daddare. Idan aka bar wasu kaji suna ƙara mata sababbi, na farko za su ƙyanƙyashe ta tashi da su, ta bar sauran su huce. Gurbin ya kasance a lungu mai duhu da iska, wanda ruwan sama ba ya shiga, a zuba toka a ƙasansa kafin a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, domin ƙwarƙwata da ƙuma suna iya damun kaza har ta gudu ta bar ƙwanta. Ruwa da tsaba su kasance kusa da ita. Fitar da take yi na ɗan lokaci sau ɗaya a rana don ta ci, ta yi kashi, ta yi birgima a ƙasa, ba matsala ba ce.

Tsakanin kwana na 7 da na 10, a ɗauki tocila da daddare a haska kowane ƙwai ta gefen da ya fi faɗi. Mai rai zai nuna jajayen jijiyoyi sun bazu daga wani ɗan ɗigo mai duhu, wanda wani lokaci har motsinsa ake gani. Wanda haske ya ratsa fayau ba shi da ɗa, wanda kuma ya nuna zoben jini ya riga ya mutu, kuma duka biyun a cire su, don kada su ruɓe su fashe su gurɓata sauran.

Masu kiwon zabi sun daɗe da sanin cewa gara a ba kaza ƙwan zabuwa, wanda ake samu da damina, amma a tuna shi kwana 26 zuwa 28 yake ɗauka, na talotalo 28, na agwagwar da muka saba kiwo kuwa har 35. Kada a haɗa su da na kaza a rana ɗaya a gurbi ɗaya. Su kuwa ingantattun kaji irin su Noiler, da kuma ShikaBrown wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta samar, ba kasafai suke kwanci ba, don haka ƙwansu sai a ba kazar gida ko a sa a inji. Mai injin ƙyanƙyasa ya riƙe zafi a kan digiri 37.5 na ma'aunin Salshiyos, ya riƙa juya ƙwan aƙalla sau uku a rana har zuwa kwana na 18, daga nan ya daina juyawa, ya ƙara ruwa a tiren inji don laima ta ƙaru, ya kuma daina buɗe murfi. Shawarata ita ce, wanda ba shi da sola ko batir da zai riƙe inji idan an ɗauke wuta, kada ya kashe kuɗinsa, kaza biyu masu kwanci sun fi masa.

Ranar ƙyanƙyasa haƙuri ake buƙata. Tsako yakan yi yini guda tsakanin huda ɓawo da fitowa, kuma ɓare masa da hannu yakan tsinka jijiyoyin da ba su gama bushewa ba. Ba ya kuma bukatar a yi masa ɗura, domin ya shanye ƙwanduwar ƙwan a cikinsa, wadda ke riƙe shi kusan kwana biyu. Abin da za a fara ba shi ruwa ne mai tsabta a faranti marar zurfi, a jera ƙananan duwatsu a ciki don kada ya faɗa ya jiƙe.

Daga nan ne babban aikin yake. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma tsoro kaɗai ba ya kare tsako, ga kuma muzuru da gafiya da tunku, ga raɓar safiya da ruwan kwata. A killace uwa da 'ya'yanta na mako huɗu zuwa shida a akurki mai iska ko a ƙarƙashin babban kwando da ake matsarwa zuwa busasshen wuri kullum. Tsakin da ba su da uwa suna bukatar zafin da ya kai digiri 33 zuwa 35 a makon farko, ana rage kamar digiri 3 duk mako. Ba sai da ma'auni ba, su da kansu za su nuna: idan sun cunkushe a jikin fitila suna kuka, sanyi suke ji, idan sun gudu gefe suna haki da baki buɗe, zafi ya yi yawa, idan kuwa sun warwatsu suna ci, an dace. Mai amfani da kaskon gawayi lokacin hunturu ya bar kafar iska, saboda hayaƙin da ba a gani yana kashe tsaki, yana kuma iya kashe mutum a rufaffen ɗaki.

Killacewa ba ta da amfani idan babu abinci, kuma tsakin gero ko dusa kaɗai ba sa gina jiki. Wanda ke da hali ya sayi abincin 'yan tsaki na buhu ko na awo. Wanda ba shi da shi ya ɓarza masara ko dawa, ya haɗa da garin ƙuli-ƙuli, da waken suya da aka soya tukuna, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci, da ɗan garin busasshen kifi, ya ƙara musu da gara da yankakken ganyen zogale. Duk abin da ya yi fumfuna a zubar.

Cutar da ta fi share kajin karkara ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasul, mai sa koren zawo da murɗewar wuya da saukar fukafukai, wadda ta fi tsananta da hunturu. Ba ta da magani, kuma kafso ja da rawaya da ake farkewa a zuba a ruwan sha ba ya taɓa ta, sai dai ya sa ƙwayoyin cuta su saba da maganin da mu kanmu muke bukata. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana samar da rigakafinta, har da nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido a maimaita duk wata uku zuwa huɗu. Tun da kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, kuma idan an haɗa ta ba ta kwana, maƙwabta su haɗu su yi rana ɗaya, a kan kaji masu lafiya kawai. A tambayi ma'aikacin lafiyar dabbobi lokacin rigakafin cutar gumboro mai kama 'yan tsaki, wanda akan fara wajen mako na biyu, da na ƙurajen fuska wajen mako na shida. Kashi mai jini alama ce ta cutar hanji da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ke haddasawa, ita kam tana da magani idan an hanzarta.

Kazar da aka sayo daga kasuwa ko aka kawo kyauta a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin na gida. Yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa tsaki, kuma kada kaji su kwana ɗaki ɗaya da mutane. Tun daga 2006 da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya, a wata gona a jihar Kaduna, cutar ba ta daina dawowa ba, saboda haka idan kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yanka a ci, kada a garzaya da ragowar kasuwa. A sanar da ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma, a binne waɗanda suka mutu a rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba.