Kaktus Mai Siffar Ganga

Kaktus mai siffar ganga, wanda masana tsirrai ke kira Ferocactus cylindraceus, tsiro ne mai ƙaya da ke fitowa a hamadar Mohabi da ta Sonora: kudancin Kalifoniya da Nebada, da Arizona a Amurka, da jihohin Baha Kalifoniya da Sonora a Meziko. Masanin tsirrai George Engelmann ne ya fara bayyana shi a kimiyyance. Yana ɗan kama da ƙerana da tinya, amma ba danginsu ba ne, kuma ba shi da farin ruwan nan mai dafi da suke da shi.

Ya fi son gangaren duwatsu da ƙasa mai tsakuwa inda ruwa ba ya kwanciya. Yana ƙarami a dunƙule yake, in ya manyanta sai ya miƙe ya kai mita 2. Ba shi da ganye. Jikinsa tsagi-tsagi ne daga sama har ƙasa, kuma a nan hikimarsa take: in aka yi ruwa, saiwoyinsa da ke shimfiɗe dab da saman ƙasa su zuƙe shi nan take, tsagin ya buɗe, jikin ya kumbura; in fari ya tsawaita, ya tsuke a hankali yana cin ajiyarsa. Da dare yake buɗe ƙofofin numfashinsa ya shaƙi iska, da rana ya toshe su don kada danshi ya tsere. Ƙayoyinsa, jajaye ko rawaya, wasu a lanƙwashe, suna yi masa inuwa suna kuma korar dabbobi, ko da yake tumakin dutse kan fasa shi su ci tsokarsa.

Furanninsa rawaya ne, suna zagaye kansa bayan sanyi ya wuce, ƙudan zuman daji ne ke kai masa barbara. Tsiron da ya fito daga iri ba kasafai yake rayuwa ba, sai a shekarar da aka yi ruwa sosai, a gindin dutse ko wani tsiro.

Maganar cewa matafiyi zai fasa shi ya sha ruwa tana da haɗari. Cikinsa tsoka ce mai ɗaci, ruwanta kan jawo amai da gudawa, su ƙara wa mutum ƙishirwa. A da an sare da yawa ana alewa da tsokarsa. Yau kuma masu tono shi don sayarwa a lambuna ne ke yi masa ɓarna, abin takaici ga tsiron da ke shafe gomman shekaru kafin ya yi tsayin mutum.