Tungau: Ƙananan Dangin Kaska da Ɓerayen Kurmin Malesiya

Tungau suna ne da mutanen Malesiya ke kiran wasu mitsi-mitsin halittu dangin kaska da gizo-gizo, musamman jajayen da ke maƙale wa mutum idan ya ratsa ciyawa. Masana sun sanya waɗannan jajayen a gidan Trombiculidae, wanda aka bayyana ire-irensa sama da 3,000 a duniya. 'Ya'yansu ne kaɗai ke rayuwa a jikin dabba, iyayen kuwa a cikin ƙasa suke zaune ba ruwansu da kowa. Mafi yawan dabbobin da suke hawa ƙanana ne, irin su ɓera da jaba da kurege da tsuntsayen da ke kiwo a ƙasa. Abin da ya jawo hankalin likitoci gare su shi ne wani zazzaɓi mai kisa da 'yan kaɗan daga cikinsu ke sa wa mutum, wanda Japanawa suka raɗa wa suna tsutsugamushi.

Kada a rikita tungau da jiga. Jiga dangin ƙuma ce, macen kan kutsa cikin fatar yatsan ƙafa ta kumbura da ƙwai. Tungau ba ya kutsawa, a saman fata yake tsayawa. Ɗan'uwansa da aka fi sani a ƙasar Hausa shi ne jan ƙwaron nan mai laushi kamar karammiski da ke fitowa a kan rairayi bayan ruwan farko, sai dai 'ya'yan wannan a jikin ƙwari suke rayuwa, ba a jikin ɓera ko mutum ba.

Yadda yake rayuwa

Macen tana zuba ƙwai a ƙasa mai danshi, 'yan kaɗan a kowace rana. Ɗan da ya ƙyanƙyashe ƙafafunsa shida, launinsa ja ko ruwan goro, tsawonsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba, har sai mai kaifin ido ya ƙura zai gan shi kamar ɗigon barkono yana motsi. Yakan hau busasshen ganye ko ƙaramar ciyawa ya taru da 'yan'uwansa su yi ta jira. Numfashin dabba ko inuwarta na gittawa sai su zabura su ɗare jikinta.

Ba jini yake sha ba, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Yana huda saman fata ya zuba yawu, yawun ya narkar da naman wurin, gefen ramin ya ƙanƙare ya zama wani siririn bututu. Ta wannan bututu yake zuƙar narkakken nama da ruwan jiki na tsawon kwana biyu zuwa biyar, wasu ire-iren ma fiye da haka. Idan ya ƙoshi ya saki, ya faɗo ƙasa, kuma shi ke nan ya rabu da jikin dabba har abada. A cikin ƙasa yake rikiɗa mataki-mataki, yana kwanciya shiru tsakanin wani mataki da wani, har ya zama babba mai ƙafafu takwas, tsawonsa wajen milimita ɗaya, jikinsa duk gashi. Abincinsa a wannan lokaci ƙwan ƙananan ƙwarin ƙasa ne. Daga ƙwai zuwa girma kan ɗauki wata biyu zuwa uku a ƙasashe masu zafi da laima.

Wannan cizo ɗaya tilo a rayuwa yana da muhimmanci ƙwarai. Sauro kan ciji maras lafiya ya kai wa mai lafiya, amma tungau ba shi da cizo na biyu da zai kai wa wani abin da ya ɗauko. Ƙwayar cutar, Orientia tsutsugamushi, gadonta yake yi daga uwarsa ta cikin ƙwai, zuriya bayan zuriya. Ɓera na kamuwa da ita, amma gwaje-gwaje sun nuna da wuya tungau ya ɗauke ta daga jikin ɓera har ya gadar wa 'ya'yansa. Saboda haka tungau ne rumbun cutar, ɓera kuma mai ciyar da shi ne da kai shi wurare. Mutum baƙo ne da ya faɗo cikin lamarin, kuma cutar ba ta tashi daga mutum zuwa mutum.

Dabbobin da yake hawa

Idan aka kama ɓeran daji a Malesiya aka buɗe kunnensa, sau da yawa za a tarar da jan tabo a ciki kamar an shafa jan-baki. Tungau ne suka yi cincirindo, wani lokaci ɗaruruwa a kunne ɗaya, domin can ne haƙori da farce ba sa kai wa sosai. Wasu ire-iren sun fi son gindin wutsiya ko cinya ko ƙirji. Na jinsin Doloisia a cikin hancin ɓera suke zama, inda mai bincike ba zai gan su ba sai ya wanke kogon hancin. Akwai ma waɗanda suka bar ɓera gaba ɗaya: na jinsin Hannemania a fatar kwaɗi suke, na jinsin Vatacarus kuma a hanyar numfashin macizan teku.

Kurmin Malesiya yana da ƙananan dabbobi iri-iri, kowanne da bene nasa. A ƙasa akwai ɓeraye masu ƙaya-ƙaya a gashi na jinsin Maxomys, da babban ɓeran bakin rafi Sundamys muelleri, da mai doguwar wutsiya Leopoldamys sabanus wanda ke hawa bishiya ya sauko. Akwai Tupaia glis, wata dabba mai kama da kurege amma dogon baki gare ta kamar jaba, tana kiwo da rana a ƙasa da ƙananan rassa, kuma tana cikin waɗanda tungau ya fi damu. Can sama kuma kuregun bishiya ne. Tun da ɗan tungau daga ƙasa yake fitowa, dabbar da ta fi taka ƙasa ita ta fi kwasar irin da ke sa wa mutum cuta. Masu zama a kogon bishiya suna da nasu daban, waɗanda ke girma a ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a cikin kogon.

Ba tungau kaɗai ke jikin waɗannan dabbobi ba. Gidan Laelapidae, shi ma dangin kaska, ya fi su girma, kuma rayuwarsa tana tsakanin gashin ɓera da sheƙarsa. Laelaps echidninus, wanda ake samu a jikin ɓeran gida a ƙasashe masu zafi, yana lasar ruwa da jinin da ke fitowa daga ƙwarzanen fata. A dazuzzukan Birazil akwai manyan 'yan'uwansa na jinsin Gigantolaelaps a jikin ɓerayen can. Jemagu kuma suna da gidan Spinturnicidae, masu shimfiɗaɗɗen jiki da ke riƙe fatar fiffike ko da jemagen yana tashi.

Inda cutar take zama

Sunan da Turawa suka ba zazzaɓin, scrub typhus, yana nufin zazzaɓin ƙananan itatuwa da sarƙaƙiya, kuma akwai gaskiya a ciki. Kurmin da gatari bai taɓa ba yana da ire-iren dabbobi da yawa da ire-iren tungau da yawa, amma babu wanda ya mamaye sauran. Da zarar an sare shi an yi gona, sannan aka bar gonar ta zama saura, sai lissafin ya juye. Ɓerayen kurmi su ja da baya, ire-iren ɓera biyu ko uku su cika wurin: Rattus tiomanicus a sauruka da gonakin kwakwar manja, Rattus argentiventer a ciyawa da gonakin shinkafa, da ƙaramin Rattus exulans a gefen gidaje. Abinci ya wadata ga tungau ɗin da ke bin su, shi ma ya yawaita.

Masu bincike a Malesiya sun gano cewa kowane irin tungau mai cutar yana da wurin da ya fi so. Leptotrombidium fletcheri na filin lalang ne, wato ciyawar da Hausawa ke kira tofa, wadda ke mamaye ƙasa bayan sara da ƙuna. Leptotrombidium arenicola na bakin teku ne mai rairayi. Leptotrombidium deliense, wanda aka fara bayyanawa a 1922 daga yankin Deli na tsibirin Sumatra, ya fi su duka yaɗuwa: yana cikin saura, yana gefen kurmi, yana cikin kurmin kansa, daga Indiya har arewacin Ostiraliya. Don haka ba daidai ba ne a ce kurmi babu cutar, amma bakin kurmi, inda gona da daji suka haɗu, nan ne hatsarin ya fi yawa.

Ko a cikin fili ɗaya ma ba ko'ina suke ba. Ɗan tungau ba ya nisa da inda ya ƙyanƙyashe, don haka sukan taru a 'yan wurare da ba su wuce taku kaɗan ba, galibi kan hanyar da ɓera ke bi kullum. Likitan nan J. R. Audy ya kira irin waɗannan wurare tsibiran tungau. Shi ya sa mutum goma za su yi aiki a gona ɗaya, wanda ya zauna hutawa a gindin wani kututture shi kaɗai ya kwanta ciwo.

Tarihin bincike

Likitan Sin Ge Hong ya bayyana cizon wani jan ƙwaro da zazzaɓin da ke biyo bayansa tun ƙarni na 4. A Japan an rubuta labarin cutar a 1810 daga yankin Niigata, inda take kama manoman bakin kogi a lokacin zafi. Amma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sa aka tashi tsaye, domin ta kwantar da dubban sojoji a Niyu Gini da kan iyakar Indiya da Bama, fagen da sojojin Afirka ta Yamma su ma suka yi yaƙi. Magani babu a lokacin, sai dai a jiƙa kakin soja da sinadarin korar ƙwari. A 1945 Audy ya jagoranci wata ƙungiyar bincike a garin Imphal na Indiya, daga baya aikin ya koma Malesiya, Cibiyar Binciken Lafiya ta Kuala Lumpur, wadda aka kafa tun 1900. A wannan birni ne, a 1948, Joseph Smadel da abokan aikinsa suka gwada maganin kuloramfenikol a kan marasa lafiya, zazzaɓin da ke ɗaukar makonni ya sauka cikin kwana biyu.

Aikin da ya fi ɗorewa shi ne na tarko da haƙuri. Shekara da shekaru ana kama dabbobi, a yi musu alama a sake su, a sake kama su, a kankare kunnuwansu a ƙirga abin da ke ciki. J. L. Harrison ya yi wannan aiki a kan ɓeraye, M. Nadchatram ya bayyana sababbin ire-iren tungau masu yawa, Lim Boo Liat kuma, wanda ya shiga cibiyar a 1947 a matsayin ƙaramin mataimaki, ya zama ɗaya daga cikin manyan masana dabbobin Malesiya kafin rasuwarsa a 2020. Ya kamata a ambaci 'yan asalin kurmin, Orang Asli, waɗanda suka san hanyar kowace dabba kuma su ne suka kamo da yawa daga cikinsu. Ba don saninsu ba da aikin bai kai inda ya kai ba. Tantance iri kuwa sai an ɗora ɗan tungau a gilashi an duba shi da madubin ƙara girma, a auna wani ɗan faifai da ke bayansa, a ƙirga gashin da ke kai. Masu wannan ƙwarewa kaɗan ne a duniya, kuma hakan abin damuwa ne.

Cutar a jikin mutum

Cizon ba ya zafi, mutum bai ma san an cije shi ba. Bayan kwana 6 zuwa 21, galibi 10 zuwa 12, sai zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ciwon jiki da kaluluwa su taso. A wurin cizon akan sami ɗan gyambo mai baƙin ɓawo kamar ƙunar sigari, yawanci a hammata ko matsematsi ko ƙugu, inda tufa ke matse jiki. Wannan gyambo shi ne babbar shaida, amma ba kowa ke da shi ba, kuma a baƙar fata yana da wuyar gani sai an duba da kyau. Idan aka yi jinkiri cutar kan taɓa huhu da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Dokisisaikilin ne maganin farko, azitiromaisin kuma ga masu juna biyu. Wani gwaji da aka yi a asibitocin Indiya aka wallafa a 2023 ya nuna haɗa su biyun ya fi amfani ga waɗanda ciwon ya yi wa tsanani. Allurar rigakafi har yanzu babu. Kariyar manomi ita ce dogon wando da takalmi, da guje wa zama a ƙasa kai tsaye, da wanka da sabulu bayan an dawo daga gona.

An kiyasta mutum miliyan ɗaya ke kamuwa a shekara, a wani yanki mai kusurwa uku daga Japan zuwa arewacin Ostiraliya zuwa Pakistan. An daɗe ana ɗauka cutar ba ta fita daga nan, sai ga ta a tsibirin Chiloé na ƙasar Chile a 2006, sannan a 2010 aka bayyana wani sabon irin ƙwayar cutar, Orientia chuto, daga wata mata da ta kamu a Dubai. A 2018 aka ba da rahoton ƙwaya mai kama da ita a jikin tungau da aka ciro daga ɓeraye a yankin Baringo na Kenya. Ire-iren tungau da aka rubuta daga Afirka sun haura 400, kuma kaso mai yawa daga cikinsu ya fito ne daga aikin da P. H. Vercammen-Grandjean ya yi a Kwango tun zamanin mulkin mallaka. A nahiyar da ake fara zargin cizon sauro ko taifot a kan kusan kowane zazzaɓi, duba kunnen ɓera da jaba da gafiya a bakin dazuzzukan da ake sarewa aiki ne da ya cancanci a sake ɗaukarsa da gaske.